Jikar Habboba da Matuƙin Jirgi

"Matuƙin me?!"

Muryar Habboba Fatuma ta cika ɗan falonsu da ke hawa na huɗu a Abbasiya. Aya ta ja ta tsaya a bakin kicin, tiren gahawa a hannunta.

"Matuƙin jirgin sama, Habboba," in ji Tarig, yana ƙara kusanto mata da wayarsa. "Ga shi nan da farar riga da baƙar hula. Ni ma a fesbuk na gani, na ce wallahi ba zan bari a ci gaba da rufe ki ba."

Tarig ɗan gwaggon Aya ne. Sau biyu yana cewa yana sonta, sau biyu tana ce masa shi yayanta ne, kuma a yayan zai zauna. Yau ya samu inda zai rama.

Habboba, kamar yadda 'yan Sudan ke kiran kaka, ta gyara zaman tabaraunta ta ƙura wa hoton ido. Ta daɗe tana kallo kafin ta ɗago.

"Aya."

"Na'am, Habboba..."

"Ba ce min kika yi ɗalibi ne ba?"

"Ɗalibin ne, wallahi ɗalibi ne..."

"Na ɗauka Azhar yake yi! Na ɗauka tafsiri yake karanta! Wata uku yaron nan yana hawo min bene da lemo da dabino, yana cewa Hajiya ya ƙafa, ni ina ta zuba masa albarka, ashe sama yake koyon hawa?"

Aya ta ajiye tiren ta durƙusa a gabanta. Hawaye ya riga ya wanke mata fuska.

"Tsoro na ji, Habboba. Na san in na faɗa miki..."

"To kin sani ɗin. Khalas! Maganar nan ta mutu."

Kowa a gidan ya san Habboba da jirgin sama. Shekara shida da suka wuce, da za su baro Gadarif ta ƙasar Sudan su dawo Alƙahira, ƙiri-ƙiri ta ce ƙafarta ba za ta taka jirgin sama ba. Sai da Malam Ishaq, baban Aya, ya biyo da su ta Wadi Halfa, suka hau jirgin ruwa zuwa Aswan, sannan suka shigo jirgin ƙasa. Ko ƙarar jirgi ta ji ya gitta ta saman unguwa sai ta dakata da magana har ya wuce. Ita ce kuma ta raini Aya tun rasuwar mahaifiyarta, don haka abin da ta yanke a kan yarinyar, Malam Ishaq ba ya ɗagawa.

Washegari da hantsi Aya ta ɗauki jakar lallenta ta shiga maikurobas, ƙaramar bas ta haya, zuwa unguwar Madinat Nasr. Zanen lalle ne sana'arta, kuma ta nan ne ma ta san Hadi, saurayin nata. Ƙanwarsa Rabi'atu, 'yar Zariya da ke karatu a Azhar, ita ta kira ta ta yi wa wata ƙawarsu lallen aure bara. Ranar Hadi ya kawo wa Rabi'atu saƙo, ya ji wata yarinya tana Hausa mai gauraye da larabcin Sudan, ya tsaya a bakin ƙofa ya mance abin da ya kawo shi.

Yau ma a falon Rabi'atu ta tarar da shi. Yana ganin idonta ya miƙe.

"Subhanallah! Habibti, wa ya taɓa ki?"

"Ta sani, Yaya Hadi. Tarig ya nuna mata hotonka."

Ya koma ya zauna a hankali, ya dafe kai.

"Laifina ne."

"Ni na ce kar ka faɗa mata..."

"Ni kuma na biye miki. Tsohuwa tana sa min albarka ina ɓoye mata ko ni wane ne. Ban kyauta ba, Aya."

"Yanzu ya za mu yi? Wallahi ba zan iya saɓa mata ba... kuma ba zan iya rabuwa da kai ba!"

"Ba wanda ya ce ki zaɓa, ya ruhi. Share hawayenki. Ranar Juma'a zan je in ba ta haƙuri."

"Za ta kore ka."

"In ta kore ni ta matattakala zan sauko, ai ba ta taga za ta jefo ni ba."

Aya ta yi dariya tana kuka. Rabi'atu ta miƙo mata hankici tana cewa, "Ku dai Allah ya shirye ku."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo. Habboba ta bar shi tsaye a bakin ƙofa har sai da shayinta ya huce, sannan ta ce a shigo da shi. Bai hau kujera ba, ƙasa ya zauna ya sunkuyar da kai. Aya tana laɓe a bayan labulen ɗaki.

"Hajiya, na zo ne in ce ki yafe min. Na ɓoye miki gaskiya."

"Na yafe maka ɓoyon. Yarinyar ce ba zan ba ka ba."

"Na ji, Hajiya. Amma don Allah ki faɗa min dalili. Aya ta ce iyayenki a jirgi suka rasu, ban san fiye da haka ba."

"Ita ma ba ta san fiye da haka ba."

Tsohuwar ta ja mayafinta ta rufe ƙafafunta, ta fara magana da wata murya da Aya ba ta taɓa ji daga bakinta ba.

"Shekarata biyar. Babana Malam Abakar mai sayen gyaɗa ne a ƙasarku. A lokacin, da ƙafa ake zuwa Makka, shekara biyu, shekara uku, wasu ma ba sa komawa. Sai aka ce ga jirgi ya zo, kwana biyu ka isa. Babana ya ce ba zai wahalar da innata ba. Aka bar ƙanena Sada wajen kakarmu don bai daɗe da yaye ba. Ni kuwa na kafa kuka har sai da aka tafi da ni."

Ta ɗan murmusa, murmushin da ya fi kuka ciwo.

"Ɗan ƙaramin jirgi ne mai farfela biyu. Ya sauka ya sha mai, ya tashi, ya sake sauka. Wata baturiya ta ba ni alewa da auduga in toshe kunne. Tashinmu na uku, da rana tsaka, na leƙa taga na ga wuta a jikin fiffike. Ni sha'awa ma ta ba ni. Na ce Inna dubi! Innata Mardiya ta duba, ta kama salati. Babana ya cire babbar rigarsa ya naɗe ni a ciki, ya ƙanƙame ni. Daga nan ban san komai ba."

Aya ta toshe bakinta da labule.

"Na farka a cikin rairayi. Na yi ta tafiya ina kiran Inna. Wasu masu raƙuma suka tsince ni, suka ce sun ga jirgin, babu mai rai a ciki. Suka miƙa ni ga wani ayarin Hausawa masu zuwa Makka da ƙafa. Ayarin bai wuce Gadarif ba. Shekara guda ban yi magana ba. Da bakina ya buɗe, sunan garinmu ya ɓace min. Abin da na riƙe kawai, kukan jirgin ƙasa da buhunan gyaɗa a jibge." Ta dube shi ido cikin ido. "Ka ji yadda aka yi na zama 'yar Sudan. Jirgi ya raba ni da uwa, ya raba ni da uba, ya raba ni da gari. Ba zan zauna ina kallon Aya tana jiran miji daga sama ba."

Hadi ya share idonsa da bayan hannu.

"Allah ya jiƙansu, ya sa sun yi shahada."

"Amin."

"Hajiya... Sada fa? Ba a taɓa nemansa ba?"

"A neme shi a ina? A gari mai jirgin ƙasa da gyaɗa? Ai ƙasar taku kaf haka take."

"Ki ba ni izini in gwada."

"In don in ba ka Aya ne, kar ka wahalar da kanka."

"Ko ba ki ba ni ba zan nema."

Ta kaɗa masa hannu kawai. Kafin ya fita ta ce, "Daga yau ba kira, ba haɗuwa." Ya ce, "To, Hajiya."

Ya kuwa riƙe alkawari. Sati ɗaya, biyu, huɗu, wayar Aya ba ta kawo sunansa ba. Sai dai in ta je Madinat Nasr Rabi'atu ta ce, "Ya ce a gaishe ki, ya ce ki riƙa cin abinci." Tarig kuwa ya samu wurin zama. Kullum da yamma sai ya faka maikurobas ɗin da yake tuƙawa ya hawo da rake ko gasasshiyar masara.

"Ina ɗan saman naki? Ya tashi ko? Dama su haka suke. Na ji ma an ce yana da wadda aka ajiye masa a Zariya."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"To ka gaida mutanen."

Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ba ta yarda ba, amma sai da ta yi kuka. Abin da ya ba ta mamaki shi ne Habboba. Wata rana tana matsa mata ƙafa, tsohuwar ta ce kamar mai magana da kanta, "Dabinon da Tarig ke kawowa duk ya bushe. Wancan yaron dai ya iya zaɓen dabino." Aya ta ci gaba da matsa ƙafa tana ɓoye murmushi.

A sati na shida, da la'asar, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malam Ishaq ya dawo daga shagon ɗinkinsa ke nan, shi ya buɗe. Hadi ne, ya rame, riƙe da wata ambulan.

"Baba, don Allah a yi min iso wajen Hajiya."

Ya zauna a inda ya zauna wancan karon. Wannan karon Aya ba ta ɓuya ba, ta tsaya a jikin bango.

"Hajiya, a makarantarmu ana koya mana haɗurran da aka yi a da, ɗaya bayan ɗaya, don kar a maimaita. Akwai wani tsohon kyaftin, malaminmu, da ya tara tsofaffin rahotanni cike da ɗaki. Na ba shi labarinki. Muka yi ta tono har muka samu wanda ya yi daidai: jirgin alhazai, farfela biyu, wuta a injin hagu, ya faɗi a yammacin Sudan. Kamfanin ma ya daɗe da mutuwa."

Ya zaro takardu.

"A bayan rahoton akwai sunayen fasinjoji. Mutum ashirin da uku. Na goma sha bakwai, Malam Abakar. Na goma sha takwas, matarsa Mardiya. An binne su tare da sauran, an yi musu salla, Hajiya. An rubuta har sunan limamin da ya ja."

Habboba ta runtse ido. "An yi musu salla..."

"An yi. Na goma sha tara, yarinya mace, Fatuma. A gabanta an rubuta: ba a same ta ba." Ya juya takardar. "Kuma an rubuta garinku. Kaura Namoda."

Leɓɓan tsohuwar suka motsa.

"Kaura..." Ta sake faɗa, a hankali, kamar mai ɗanɗanar abu. "Kaura! La'ilaha illallahu... Ishaq, Kaura ce! Kaura ce wallahi!"

Malam Ishaq ya zube a gefenta ya riƙe ta.

"Na tura abokina Tijjani daga Gusau," in ji Hadi. "Kwana uku yana bin tsofaffin unguwar tasha. Ya samu wani dattijo mai sayar da hatsi, Alhaji Sada Abakar. Yana zaune yanzu haka da waya a hannu, yana jira. Amma sai in kin ce a kira."

Ta gyaɗa kai.

Ya danna, ya buɗe muryar yadda kowa zai ji. Ƙara ɗaya aka ɗauka. Aka yi sallama da wata murya mai kauri, mai rawa.

"Wa alaikumus salam," in ji Habboba. "Wa ke magana?"

Sai muryar ta ce, "Tasalla ce?"

Habboba ta fasa wani irin kuka. Aya ta ruga ta rungume ta, ba ta fahimci komai ba.

"Sunan da kakarmu ke kirana da shi ke nan," in ji Habboba cikin kuka. "Ranar salla aka haife ni... Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ko mijina bai sani ba!"

"Yaya," in ji muryar, shi ma kukan yake, "kakarmu har ta koma ga Allah ba ta yarda an karɓi gaisuwarki ba. Cewa take ba a ga gawa ba, Tasalla na nan. Muka ɗauka tsufa ne. 'Yata ta fari sunanki na sa mata, Yaya. Jikokinta biyar yanzu."

Sun fi awa suna magana. Hausarta ta Gadarif, tasa ta Zamfara, wani lokaci sai Hadi ya shiga tsakani ya yi bayani, a yi dariya, a koma kuka. Tarig da ya shigo da masararsa ya tsaya a bakin ƙofa har ta huce a hannunsa. Da aka kashe waya ya matso ya miƙa wa Hadi hannu.

"Ma'alish, ya zol, ka yi haƙuri. Maganar Zariya ni na ƙirƙire ta."

"Ban ma ji ta ba," in ji Hadi. "Ya wuce."

Habboba ta fyace hanci da gefen mayafi, ta gyara tabarau, ta dawo Habbobar da aka sani.

"Kai, Hadi."

"Na'am, Hajiya."

"Ka daina ce min Hajiya, ban je ba. Habboba ake ce min." Ta harare shi. "Har yanzu ba na son jirgi."

"Na sani, Habboba."

"Za ka iya yi min alkawarin ba zai faɗo da kai ba?"

Hadi ya ɗago kai.

"Ba zan iya ba. Na yi miki ɓoyo sau ɗaya, ba zan ƙara da ƙarya ba. Rai na Allah ne. Abin da zan iya cewa, jiragen yau ba irin wancan ba ne, kuma mutane irin su Malam Abakar ne suka sa aka gyara. Zan riƙa tuƙi kamar ke ce a bayana."

Tsohuwar ta daɗe tana dubansa.

"Da ka ce za ka iya, da na kore ka." Ta juya ga ɗanta. "Ishaq, ka sa musu rana. Amma da sharaɗi. Duk inda ka sauka, ni za ka fara kira kafin ita."

"Habboba!" in ji Aya.

"Ke rufe min baki, na riga ki shiga jirgi."

Dariya ta ɓarke a falon. Aya ta dubi Hadi, ya dube ta, ya motsa baki ba tare da murya ba: "Habibti." Ta rufe fuska da tafin hannu ta gudu kicin.

Wata uku bayan nan, saura kwana biyu ɗaurin aure, suka cika maikurobas ɗin Tarig da sassafe zuwa filin jirgi tarbar Alhaji Sada. Ba wanda ya zaci Habboba za ta je, amma ita ta riga kowa shiri, ta naɗa farin mayafinta na zuwa biki. A zauren jira ta zauna da carbi, ba ta kallon kowa, bakinta kawai ke motsi. Aya na gefenta, hannayenta sun sha lalle har gwiwar hannu.

"Hadi, ya taso?"

"Tun ɗazu, Habboba. Ya kusa."

"Me wancan allon ke cewa?"

"Yana cewa saura minti goma."

Carbin ya ƙara sauri. Aya ta ji yatsun tsohuwar sun nutse a cinyarta, ba ta motsa ba.

"Ya sauka, Habboba."

"Ka tabbata?"

"Ya sauka lafiya."

Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi."

Da aka fara fitowa, tun daga nesa ta miƙe ba tare da sanda ba. Wani dogon dattijo ne da babbar riga fara da jar dara, yana waige-waige. Ba wanda ya nuna mata shi.

"Baba..." ta ce a hankali. "Wallahi tafiyar Baba ce."

Alhaji Sada ya yar da jakarsa a tsakiyar mutane, ya zo ya durƙusa a gabanta da furfurarsa.

"Yaya, ina kwana?"

Ta dafa kansa da hannu biyu. "Sada, ka girma."

Har Misirawan da ke wucewa sai da suka tsaya.

Ranar Juma'a aka ɗaura a wani ƙaramin masallaci na Abbasiya. Malam Ishaq ya ce kawunsa Alhaji Sada ne zai ba da aure, ya wakilta shi. Da la'asar aka cika saman benen gidan: ɗaliban Najeriya da tuwon shinkafa da miyar kuka, matan Sudan da turaren wuta da guɗa, Rabi'atu na ta kai da kawowa kamar ita ce amaryar. Hadi ya samu ya matso kusa da Aya, ya yi ƙasa da murya.

"Matar kyaftin."

"Ka dai gama makarantar tukuna."

"Kin yi kyau, ya ruhi... kin yi kyau har na rasa abin cewa."

"To yi shiru mana, ana kallonmu!"

A gefensu tsofaffin biyu na zaune a tabarma ɗaya, kwano ɗaya a gabansu. Alhaji Sada yana lissafa mata mutanen gida, wane ya haifi wane, ɗakin kakarsu har yanzu yana nan ba a rushe ba.

"Ki zo ki gani, Yaya. Ko sau ɗaya."

Habboba ta juya lomar da ke hannunta. Can ta ɗaga murya.

"Hadi!"

"Na'am, Habboba."

"Daga nan zuwa can, awa nawa ne a abin naku?"

Aya ta kama hannun mijinta ta matse.

"Kamar biyar zuwa Kano. Daga nan sai mota."

"Kai za ka tuƙa?"

"Sai na gama, Habboba. Saura shekara guda da wani abu."

Ta kai lomar bakinta, ta tauna a nutse, ta haɗiye.

"To ka yi sauri ka gama. Ni ba yarinya ba ce."